RAM ɗin ba laifi, amma kada a ce muku "iri ɗaya ne"

Saitin RAM ne, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, nau'in DDR4, na saya a wani shago, guda biyu masu 8GB, an rubuta gudun 3200 ɓaro-ɓaro a kwali. Da na saka, Task Manager, manhajar Windows mai nuna yanayin kwamfuta, ya nuna 2133. Wannan bai ɗaga min hankali ba, haka suke zuwa, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin babban allon cikin kwamfuta (motherboard), ka kunna XMP, saitin ƙarin gudun RAM, wanda wasu allunan AMD ke kira DOCP, sannan ya hau gudun da ka biya wa kuɗi. Na sa su a rami na biyu da na huɗu cikin ramukan RAM huɗu na allon, na kunna, wuta ta koma 1.35V, na bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya kwana yana aiki. Ko kuskure ɗaya babu. Ryzen 5 3600 ɗina, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor), ya karɓa lafiya lau, har na fara yi wa abokai talla.

Sai aikin haɗa bidiyon biki ya yi yawa, na koma shagon in ƙaro wani saitin in cike 32GB. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, iri ɗaya ne sak, ka je ka saka kawai." Suna ɗaya, kwali ɗaya, gaskiya ne. Ina cike ramuka huɗun kwamfuta ta ƙi tashi, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Sai da na zare batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS, ta dawo. Da ta yarda ta tashi a 3200 kuma, ana tsakiyar fitar da bidiyo sai shuɗin allo, wato kwamfuta ta tsaya cak, ga mai biki yana ta kira. Na duba takardar da ke manne a jikinsu, lambar zubin ta bambanta, ashe ƙwayoyin cikin ba na kamfani ɗaya ba ne. Shi bai sani ba ne ko ya sani ya yi shiru? Da na mayar, wai kayan da aka buɗe ba ya karɓa. Wallahi wannan ya fi ƙona min rai fiye da kuɗin.

Na sabunta BIOS ma, gabana na faɗuwa kada a ɗauke wuta ana ciki. Ya ɗan taimaka, bai warke ba. Yanzu a 2933 nake, nan ne kawai huɗun suke zaman lafiya. A wurin aiki ban ga wani bambanci ba, amma 3200 na saya. Mai son 32GB ya sayi biyu masu 16GB a kwali ɗaya, kuma ba a shagon nan ba.