ELM327: 'yar na'urar da na shirya tsohuwar motata da ita kafin gwajin hayaƙi

Na'urar ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Ana soka ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin su Torque ta riƙa nuna abin da kwamfutar mota ke gani. Soket ɗin shi ake kira OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan fetur. Tawa ƙirar 2003 ce, kuma na sayi na'urar ne saboda lokacin gwajin hayaƙi, wanda ake duba ko hayaƙin mota bai wuce ƙa'ida ba, ya matso, ga fitilar gargaɗin inji ta ƙi mutuwa.

Makanikin da ya fara duba motar ya sunsuni salansa kawai ya ce katalis, wato abin da ke tace hayaƙi kafin ya fita daga salansa, ya mutu, sai dai sabo. Katalis kuwa ba abin wasa ba ne, domin akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a cikinsa. Da na soka na'urar sai ta ba ni lambar matsala P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Na buɗe shafin da ke nuna ƙarin man da kwamfuta ke yi don cike gurbi, na ga ya kai kashi 18 in mota na tsaye, amma da na taka totur sai ya sauko. Wannan alama ce ta iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Na bi tiyon da ke kai iska cikin inji da yatsa, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa na ji tsaga, robar ta bushe har tana ɓarewa. Zafin ruwan inji ma na ga ba ya wuce digiri 72 a kan babbar hanya, alhali wajen 90 ya kamata ya zauna. Tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan sanyaya inji har sai injin ya yi zafi, shi ne ya maƙale a buɗe. Injin da bai yi zafi ba yakan sha mai fiye da kima, hayaƙinsa ya yi datti.

Katalis ɗin fa? Sansar oksijin, mai auna iskar oksijin da ke cikin hayaƙi, ta gaban katalis tana hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9 na lantarki, yadda ya kamata, ta bayan katalis kuma tana zaune kusan wuri guda. Da ya mutu, da ta bayan ta riƙa kwaikwayon ta gaba. Lafiyarsa ƙalau.

Inda na fi jin daɗin na'urar shi ne shafin shiri. Mutane da yawa suna sayen ta ne don su goge fitila su ruga wurin gwaji, wasu ma kan batir suke cirewa. Wannan ba ya fisshe su. Duk lokacin da aka goge, gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta, na katalis, na sansa, na tururin tanki, suna komawa matsayin ba a kammala ba, kuma inda ake gwaji ta wannan soket, shi ake fara dubawa. A yawancin jihohin Amurka ana ɗaga ƙafa a kan gwaji biyu da ba a kammala ba ga motocin 1996 zuwa 2000, guda ɗaya tak ga na 2001 zuwa sama. Bayan na canza tiyo da tamostat, na riƙa leƙa shafin kowace safiya ina ganin suna cika ɗaya bayan ɗaya. Na tururin tanki ne ya fi jan rai, domin yana son inji mai sanyi da tankin da bai cika ba bai kuma ƙare ba.

Tana da nata gazawar. Ba ta auna hayaƙin da ke fita daga salansa, don haka in wurin gwajinku bututu suke sokawa su auna iskar gubar, za ta taimaka wajen gyara amma ba za ta faɗa maka sakamako ba. Lambar da take bayarwa ma alama ce kawai. Wanda ya ga sunan sansa ya je ya sayi sabuwa ba tare da bincike ba zai yi asarar kuɗi. Jabu sun cika kasuwa, wasunsu ba sa iya magana da tsofaffin motoci sam, saboda haka a saya inda za a iya mayarwa. Kuma a cire ta in an gama, domin soket ɗin yana da wuta ko an kashe mota, tana iya shanye batir in motar ta daɗe a ajiye.

Ranar gwaji na canza baƙin mai da matatar iska tukuna, na ɗaure murfin tanki sosai, na yi tafiya mai ɗan nisa don katalis ya ɗauki zafi, ban kuma kashe injin a layi ba. Motar ta wuce. Ga mai tsohuwar mota da ke da wannan soket, ina ba da shawarar ya mallake ta. Wanda tasa ta girmi OBD-II, ko mai kafireto, ba ta da amfani a gare shi, garejin da ke da injin auna hayaƙi zai nema.