Tsohuwar amfilifaya mai kwalba da wutar Saudiyya: wace hanya za ka bi?

Kawuna da ke unguwar Misfala a Makka yana da wata tsohuwar amfilifaya 'yar Amurka, irin mai kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, waɗanda masu gyara a nan ke kira lamba. Shekara da shekaru tana yi masa aiki a tsohon gida. Da suka tare a sabon gini, ɗansa ya cusa filogi a bango kamar yadda aka saba, sai ji aka yi tas, fitilar gabanta ta ɗauke. Allah ya taimaka fiyus ne kawai ya ƙone. Kawu ya kira ni yana faɗa, wai wutar sabon gidan ba ta da kyau. Na ce, “Kawu, wutar lafiyarta lau, ba irin wadda na'urar ta sani ba ce. Don Allah kada a sake jona ta sai na zo da mita.”

Tsofaffin gidajen Makka da Jidda da yawa suna da wuta iri biyu, bolt 127 da 220. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 sannu a hankali, kuma a kan haka ake jona sababbin gine-gine. Ita kuwa tsohuwar amfilifayar Amurka, irin su Dynaco ST-70 ta 1959 ko Fender na wancan zamani, a kan kusan 117 aka ƙera ta. Ta Jafan 100 take so, ta Ingila 240. Saboda haka kafin ka kashe riyal ɗaya, auna soket ɗinka, ka karanta abin da aka rubuta a bayan na'urar. Wanda ya tsinto ta a Harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda, shi ma ya yi haka tun kafin mai kaya ya ce bari a gwada.

Ko 127 ɗin da Kawu yake yabo ba daidai take ba. Zaren da ke ɗumama kwalba bolt 6.3 yake buƙata. Na'urar 117 a kan 127 tana ba shi kusan 6.8, ta Jafan kuwa 8 cif. Za ta yi magana, har da daɗin sauti, amma kwalaben suna tsufa da wuri, kuma ba arha suke ba.

Fara duba ko ma ba ka buƙatar sayen komai. Amfilifayoyin Marshall da yawa, da na Fender da aka yi don fitarwa ƙasashen waje, suna da maɓallin zaɓen wuta a baya. Wasu kuma ba maɓalli, amma taransifomansu na da wayoyi na musamman da mai gyara zai sake haɗawa ta koma 230. In zaɓin 220 da 240 kaɗai ke akwai, bangonka kuma 230 ne, ni 240 nake sakawa, ta fi yin sanyi. Kada a manta da fiyus: idan wuta ta ninka, ƙarfin fiyus rabi yake komawa, kuma irin mai jinkirin ƙonewa ake sa wa waɗannan na'urori.

In babu wannan, mafi yawan mutane taransifoman waje ne zai fisshe su, wanda a shago za ka ce muhawwil. Ba a taɓa cikin amfilifaya, darajarta ta tsohon kaya tana nan, gobe in za ka sayar ba wanda zai ce an yi mata tiyata. Sai dai a nan ake yawan kuskure. Mutum ya ga an rubuta wat 50 sai ya sayo muhawwil ɗan ƙarami, alhali 50 ɗin na sautin da take fitarwa ne. Abin da take sha daga bango yakan ninka haka sau uku ko huɗu, domin ɗumama kwalabe ma cin wuta ne. Duba lambar da ke kusa da wayar wuta, ka sayi mai ninkinta biyu. Ɗaga shi da hannu a shagon. Na ƙwarai ƙarfe ne da tagulla, sai ka ji shi a kafaɗa. Wanda bai fi kwalin sabulu nauyi ba amma an rubuta masa wat 1600 ko 2000, na matafiya ne, yanka wuta yake yi gunduwa-gunduwa, don hita da dutsen guga aka yi shi. Kada ya kusanci amfilifayarka.

Wani abin daɗi, muhawwil mai rubutun 220 zuwa 110 rabawa biyu kawai yake yi, a kan 230 zai ba ka 115, wanda ya yi wa tsohuwar 'yar Amurka daidai. 'Yar Jafan kuwa sai ka nemo mai fitar da 100.

Muhawwil kuma iri biyu ne, mai naɗi ɗaya da mai naɗi biyu da ke raba na'ura da wutar bango. Mai naɗi ɗaya ya fi arha da sauƙin ɗauka. Amma a tsohon gida 220 ɗin daga layuka biyu na 127 ake haɗo ta, ramukan soket duka biyu da wuta. Tsohuwar amfilifaya mai waya biyu, babu wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, ga wata kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta, da aka jona da jikin ƙarfenta, tana iya jan mai riƙe da makirufo ko gita. A irin wannan gida ni mai naɗi biyu zan saya, in sa a cire waccan kafasita, a sa waya mai baki uku, a tabbatar wayar ƙasa ta ratsa ta cikin muhawwil ɗin.

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce, a ina na'urar za ta ƙare? Wutar Saudiyya sau 60 take juyawa a daƙiƙa, kamar ta Amurka, shi ya sa ta wannan fuskar kayan can ke zama lafiya a nan. Ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce, kuma muhawwil bolt kawai yake canzawa, ba ya taɓa juyi. Taransifoman da aka yi don 60 kaɗai idan ya hau 50 zafi yake yi da gurnani, balle a watan Afrilu a Kano ko Wad Madani ta Sudan. Na 50 a kan 60 ba ya damuwa. To mai niyyar komawa gida da ita ya yi tunanin canza taransifoman ciki ɗungurungum. Kamfani irin Hammond yana yin waɗanda ke karɓar 100 zuwa 240, a kan 50 ko 60. Ya fi tsada, sai an dace da bolt ɗin kwalabe da ramukan kusoshi, kuma a ajiye tsohon a kwali don ranar sayarwa.

Naɗi kuwa, wato a warware taransifoman a sake naɗa waya, ba na ba da shawararsa sai in ya riga ya ƙone kuma ba a samu madadi ba. Mai naɗin injin fanka da famfo gwani ne a fanninsa, amma wannan aikin yana da layin bolt ɗari huɗu da wani abu, ƙidayar zagaye kaɗan ta kauce sauti ya tafi.

Wannan wutar ce ma ta sa ba a buɗe na'urar da ka. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe ta ko an zare filogi.

Kawu dai ya ce shi ba inda za shi, nan za a binne shi in Allah ya so. Muka sayo muhawwil mai naɗi biyu, mai gyara ya canza waya da fiyus, mita ta nuna 6.2 a zaren kwalba. Na ɗaure filogin amfilifayar da jikin muhawwil ɗin da tef, na rubuta 110 da jar alƙalami, saboda jikoki.