Gargaɗi ga masu kwanan gona: ku kiyayi masu tallan "jakar barcin sojan Amurka"

Assalamu alaikum. Na yi wannan rubutu ne domin duk wanda neman halal ke kwanar da shi a waje: manomin rani mai gadin injinsa, mai tsaron masussuka, maharbi, ɗan banga, makiyayi, direban babbar mota. Akwai wasu da ke tallan kayan kwanan daji a Facebook da TikTok, suna cewa na sojojin Amurka ne da aka bari a Agadez. Damfara ce. Sun ci kuɗina, sun ci na mutum uku da na sani ido da ido, kuma ƙanena ya yi kwana tara a kwance bayan ya kwana cikin abin da suka aiko.

Ni manomin tumatir ne a yankin Kadawa, inda muke shan ruwan Tiga. Duk wanda ya san noman rani ya san cewa daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu ba a barin gona ita kaɗai. Ka bar injin ban-ruwa dare ɗaya, da safe sai ka tarar da tiyo kawai. Shi ya sa muke yin karɓa-karɓa ni da ƙanena, yau ni gobe shi. Sanyin fadama kuwa ba irin na cikin gari ba ne. A gida katanga na tare maka iska. A gona ɗari na zuwa ta sama, danshi na tasowa ta ƙasa, wajen ƙarfe huɗu na asuba sai ka ji kamar ana zuba maka ƙanƙara a ƙashin baya. Mutumin da ya sha wannan, in ya ga hoton wani abu da aka ce soja na kwana cikinsa a kan dusar ƙanƙara, dole ransa ya biya. Su ma 'yan damfarar sun san haka, shi ya sa ba sa fara talla sai hazo ya sauko.

Tallan da na gani hoto ne mai kyau: jakar barci, wato bargon da aka ɗinke kamar buhu mai zif, mutum ya shige ciki ya ja har wuya, da wata riga ta waje mai dabbare-dabbaren kakin soja, da jakar da ake cusa su duka. An rubuta cewa saura guda goma sha biyu. Na kira lambar. Mutumin ya iya baki ƙwarai. "Alhajina, ai wannan kaya ba na kasuwa ba ne. Wani yayana ne ke aiki da Turawan a sansanin Agadez, da za su tafi suka bar su a kwantena. Ko ruwan sama aka kwana ana yi a kanka, ba za ka sani ba." Ya yi rantsuwa, ya kawo sunan Allah, ya ce shi ma ɗan manomi ne. Muka daidaita a kan naira 45,000 kowace ɗaya, na ce ina son biyu, ya ce in tura rabi kafin alƙalami.

Daga nan aka fara jan igiya. Bayan kwana uku ya kira, wai an tare motar a shingen hanya bayan Maraɗi, sai an ba da naira 15,000 kafin a saki kaya. Na tura, domin wanda ya riga ya zuba dubu 45 ba ya son ya ga sun tafi a banza saboda dubu 15. Nan ne tarkon yake, ku lura da shi da kyau. Bayan mako guda ya ce kaya sun iso Kano, amma ba zai ba ni lambar direban ba sai na cika ragowar. Na cika. Abin da na karɓo a tasha ƙunshi ne cikin baƙar leda, marar nauyi har na ɗaga shi da yatsa biyu. Ciki jakunkuna biyu ne na yadin roba mai sheƙi, audugar cikinsu ba ta kai kaurin soson wanke-wanke ba, an buga "US ARMY" da farin fenti a gefe. Zif ɗin ɗaya ya tsinke tun a ja na farko. Rigar wajen da aka yi ta kurantawa kuwa leda ce zalla da aka yi wa zanen kaki.

A wannan daren, ƙanena ne ke da gadi. Ya ce, "Yaya, tunda an riga an biya, bari in gwada." Saboda ya yarda da maganar mai kayan, bai tafi da bargonsa ba, bai kuma shimfiɗa bambaro a ƙasa kamar yadda muka saba ba. Leda ba ta fitar da tururin jiki. Ya yi gumi a farkon dare, gumin ya taru a ciki ya jiƙa masa riga, da asuba ta kawo jiki sai jiƙar ta koma sanyi. Da na je da safe na same shi a bakin wutar kara yana rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. Daga nan sai zazzaɓi da tari, sai asibiti. Kuɗin magani ya kusa kai kuɗin kayan. Na kira mutumin, lamba a kashe. Na duba shafin, an toshe ni.

Ni ma da sauƙi, tunda an aiko mini da wani abu. Wani kawuna mai gadin shinkafa ya tura kuɗin buhu guda na amfaninsa, har yau ko tsinke bai gani ba. Da na je yi masa jaje, abin da ya fi damunsa ba kuɗin ba ne. Ya ce, "Ɗana, kunyar da nake ji ita ce a ce da furfurata yaro ya yi wasa da hankalina." Wannan kunyar ce ke sa mutane yin shiru, shirun kuma shi ne jarin ɓarayin.

Bayan abin ya faru na zauna na binciki yadda kayan gaskiya suke, kuma da na san wannan tun farko da ban tura ko kwabo ba. Kayan barcin da sojojin Amurka suka daɗe suna amfani da su, waɗanda hotonsu ya fi yawo, ana kiransu Modular Sleep System. Kashi huɗu ne: jaka koriya marar kauri, jaka baƙa mai kauri ta tsananin sanyi, rigar waje ta yadin Gore-Tex, da jakar matse kaya. Kamfanin Tennier Industries na daga cikin waɗanda suka ɗinka su. In an haɗa su gaba ɗaya nauyinsu ya haura kilo 4, ba abin ɗagawa da yatsa biyu ba ne. Shi yadin Gore-Tex amfaninsa shi ne ruwan sama ba ya shiga amma tururin jiki na iya fita, kuma in ka juya cikinsa za ka ga an bi kowane ɗinki da wani siririn tef an manne don kada ruwa ya bi ramin allura. A jikin kowane kashi akwai ƙyallen shaida da aka ɗinka, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar kwangila da wata lamba mai alƙaluma 13 da ake kira NSN. Ta irin waɗannan kaya tana farawa da 8465, sai 00 ko 01 su biyo baya in na Amurka ne, 99 in na Birtaniya ne. Ba wai wannan ƙyalle kaɗai ya isa shaida ba, domin ana iya kwaikwayonsa, amma wanda ko shi ya kasa nuna maka, magana ta ƙare. Wanda aka aiko mini ba shi da komai sai fenti.

Hoton tallan ma ba nasu ba ne. Wani ɗan maƙwabcinmu ya sa shi a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, cikin minti ɗaya ya fito a wani shafin sayar da kaya na ƙasar waje, da ciyawar da ke bayansa da komai.

Sai batun Agadez, wanda shi ne ƙashin bayan ƙaryar. Ɗan damfara mai wayo yakan jingina ƙaryarsa da abin da kowa ya ji a rediyo. Gaskiya ne sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disamban 2023. Gaskiya ne na Amurka sun bar sansanin Yamai a Yulin 2024, suka bar na Agadez a Agusta, aka kammala ficewar a tsakiyar Satumban shekarar. Amma ficewa ce da aka yi bisa yarjejeniya, an ɗauki watanni ana kwashe kaya da jirage, sannan aka miƙa sansanonin ga hukumomin Nijar. To ka yi tunani: duk abin da ya rage a can yana hannun sojan ƙasar. Wanda ya ce maka yana da kwantena cike da kayan wurin, ɗayan biyu ne, ko maƙaryaci ne ko mai sayar da kayan sata. Ba wanda ya dace ka tura wa kuɗin guminka a cikinsu.

Akwai wani haɗarin da ban hango ba sai da wani tsohon soja a unguwarmu ya ga ledar nan a shanye a kan katanga. Ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ka rufa wa kanka asiri ka ƙona wannan abu." Rundunar sojan Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan farar hula masu amfani da kaki mai dabbare-dabbare, dokar ƙasa ta haramta sa kayan soja ba da izini ba, shigo da irinsu ma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da Arewa ke ciki, ka ɗauka an haska fitila cikin dare an ga mutum kwance a bakin daji lulluɓe da kakin soja. Wa zai tsaya tambayarsa ko manomi ne? Ko a shingen hanya aka buɗe kayanka aka ga wannan, bayanin da za ka yi ba ƙarami ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura, ko da kayan na gaske ne kuma kyauta aka ba shi.

Kuma ko na gasken, ba don sanyinmu aka yi shi ba. Cikakken haɗin an tsara shi ne don sanyin da ke kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mu a ƙasar Kano daren da ya fi tsanani yakan sauko wajen digiri 10 ne a ma'aunin Selshiyas, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Ko Jos da Mambila da suka fi mu ɗari ba su kusanci abin da aka ɗinka baƙar jakar dominsa ba. Abin da ke cutar da mai kwanan gona a nan abu uku ne: ƙasa mai zuƙe ɗumin jiki, raɓa, da iska. Iyayenmu sun san maganinsu tun kafin a haifi mai tallan. Ka tara bambaron shinkafa ko karan dawa da kauri, ka ɗora buhu da tabarma, in da hali ka yi ɗan gadon kara da zai ɗaga ka daga ƙasa, wanda kuma zai rage maka haɗarin kunama da kububuwa. Ka kafa zana ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa. Ka ɗaura tamfol a sama, ba a jikinka ba, yadda raɓa za ta sauka a kansa iska kuma ta ratsa ta ƙasa. Hular sanyi da safa da busasshiyar riga ta canji sun fi wata jaka ta jabu amfani nesa ba kusa ba. Gidan sauro kuma wajibi ne a fadama ko da hunturu. Abu ɗaya da nake roƙo: kada a shigar da kaskon gawayi cikin bukkar da aka toshe ko'ina, hayaƙinsa marar wari na kashe mutum cikin barci. Kada kuma a kwanta kusa da wuta cikin yadin roba, domin narkewa yake yi ya manne a fata.

In kuma lallai jakar barci kake so, ba laifi, tana da amfani. Ka je wurin 'yan gwanjo, irin su Kofar Wambai, lokacin da ake fasa dilolin kayan sanyi. Ka ɗauka da hannunka ka ji nauyi, ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ka sansana ko ta yi fumfuna, ka ɗaga ta ga rana ka ga ko audugar ta dunƙule wuri guda. Ka zaɓi launi na farar hula, shuɗi ko ja ko ruwan ƙasa. In an ce ba ta shan ruwa, ka zuba ruwan leda ɗaya a kai a gaban mai kayan. Wanda ke nesa kuma ya nace sai ta waya, ka ce ya yi maka kiran bidiyo yana riƙe da kayan, ya juya cikinsu, ya nuna ƙyallen shaida. Ka ce ba za ka biya ba sai wani naka ya gani ya taɓa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Nawa mutumin, da na nemi bidiyo tun farko, cewa ya yi kyamarar wayarsa ta fashe, ni kuma na yarda, na yi cinikin biri a sama.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi da sunan kuɗin shinge, ko na kwastan, ko na direba. Ya adana rasit ɗin turawa da lambar asusun da duk saƙonnin murya, ya ɗauki hoton shafin kafin a goge, ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Sauri na da muhimmanci, domin ba sa barin kuɗi su kwana a asusu. Ni na yi jinkirin mako biyu ina jiran ko zai kunna waya, lokacin da na je an riga an kwashe komai. Sunan da ke kan asusun ma daban yake da wanda ya gaya mini, ya ce na matarsa ne. Duk wanda ya faɗa maka haka, ka tsaya nan.

Shekaranjiya ɗan maƙwabcin namu ya nuna mini wani sabon shafi. An canza suna, an canza lamba, yanzu har da takalma da rigunan ruwa "na sojan Faransa" aka ƙara. Amma hoton jakar nan shi ne dai, da ciyawarsa a baya, kuma har yanzu an rubuta saura guda goma sha biyu. A ƙarƙashinsa na ƙirga mutum bakwai suna tambayar lambar asusu. Na rubuta musu abin da ya same ni, ba a yi minti goma ba aka goge. Don Allah duk wanda ke da ɗan uwa mai kwanan gona da ba ya karatu a waya, ya karanta masa wannan da baki kafin a turo masa hoton.