Lasisin tuƙi ya daɗe bai fito ba: kiran hukuma ta waya ko zuwa ofis?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka sabunta lasisin tuƙinka, an ɗauki hotonka da zanen yatsunka, an ba ka takardar wucin gadi wadda aka saba ba ta wa'adin kwana 60, ga wa'adin ya kusa cika amma katin bai shigo hannunka ba, kana tambaya ko ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta waya, ko kuwa ka ajiye aikinka ka tafi ofis da ƙafarka. Shawarata ita ce ka tafi, amma ka fara kira tukuna, kuma ka san lambar da za ka buga, domin ba kowace lambar hukumar aka tanada don irin wannan buƙata ba.

Lambar da aka fi sani ita ce 122, wadda kyauta ce, kuma ta gaggawa ce zalla: haɗari, tankar mai da ta kife, ko babbar motar da ta mace ta tare hanya da dare. Abin da mai ɗaukar wayar yake son ji shi ne wace hanya ce, kusa da wane gari, motoci nawa, kuma akwai waɗanda suka jikkata ko babu, sannan ya isar da saƙon ga 'yan sintirin da suka fi kusa. A irin wannan hali babu abin da za a kwatanta da waya, tunda wanda ya tarar da haɗari tsakanin Zariya da Kano ba zai bar masu rauni a kwance ya tafi neman ofis ba. Saboda haka ne ma nake ganin bai dace a riƙe wannan layi da zancen lasisi ba, haka kuma 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya da ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa, NCC, wadda ke tura kira ga 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da sauran masu kai ɗauki. Ɗaya lambar FRSC ita ce 0700-2255-3772, kuma ita ce ta fi dacewa da tambaya irin taka, sai dai ka tanadi kati a wayarka, domin lambobin da suka fara da 0700 mai kira ne yake biya, saɓanin masu farawa da 0800.

Dalilin da ya sa waya take da iyaka a kan lasisi shi ne lasisin ba a hannun hukuma ɗaya yake ba, hannuwa 3 yake bi. Jami'an duba ababen hawa, waɗanda muke kira VIO, su ne ke da alhakin gwajin tuƙi, kuma ma'aikatan jiha ne. FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma ta gwamnatin tarayya ce, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta adana bayanai, ta buga katin. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kuwa ita ke da kuɗin da ka biya, kuma ta hannun ofishinta na lasisi katin yake isa ga mai shi bayan an buga. Wanda ya amsa maka waya ma'aikacin ɗaya ne daga cikin ukun. Zai iya yi maka bayanin matakai, ya faɗa maka ofishin da ya kamata ka nufa, amma ba shi da ikon buɗe durowar ofishin jiha ya duba ko katinka yana ciki. Ita kanta FRSC ta sha fitowa tana shelar cewa akwai dubban katunan da aka buga suna jibge a jihohi masu su ba su zo sun karɓa ba, wanda ke nuna cewa mutum zai iya zama a gida yana jiran abin da tuni ya iso garinsu.

Ta fuskar kuɗi da lokaci, waya ce ke kan gaba, musamman ga wanda ke zaune a ƙaramar hukuma mai nisa da cibiyar da aka ɗauki hotonsa. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin da zai rasa a kasuwa ko a gona, sun ninka kuɗin kira sau da yawa, kuma idan ya je aka ce katin bai iso ba, ya yi asara biyu. Kafin kiran ma, shafin lasisin tuƙi na hukumar a intanet yana da wurin duba inda takardar neman mutum ta tsaya, kuma ya kamata ka fara da shi.

Ta fuskar warware matsala kuwa, zuwa da kai ya fi aike. Duk abin da ya shafi jikinka ko takardar da ke hannunka ba ya yiwuwa ta waya: idan zanen yatsun bai kama da kyau ba sai ka sake miƙa hannu, idan sunanka ko ranar haihuwarka sun saɓa da abin da ke kan lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, sai an ga takardu, idan kuma takardar wucin gadin tana buƙatar hatimi ko sa hannu, sai tana gaban jami'in. Akwai kuma batun shaida, wanda a ganina shi ne bambanci mafi girma. Maganar waya ba ta barin komai a hannunka, kuma ranar da 'yan sintiri suka tsayar da kai a hanya da takardar da wa'adinta ya wuce, cewa ka kira an ce ka ƙara haƙuri ba za ta fisshe ka ba. Idan dole ta sa ka tsaya a kan waya, to ka rubuta ranar kiran da lokacinsa da sunan wanda ya amsa, ko da yake wannan bai kai takarda mai hatimi ba.

Kowace hanya tana da nata macuta. A ta waya, su ne masu baza lambobi a Facebook da WhatsApp suna cewa su jami'ai ne, ka tura kuɗi asusunsu su fito maka da kati cikin kwana 2. A ta ofis, su ne 'yan kamashon da ke tare mutum tun daga bakin ƙofa, waɗanda wani lokaci abin da suke miƙo maka kati ne mai kyan gani amma ba ya cikin ma'ajiyar bayanan hukuma. Ka'idar ɗaya ce a duka wuraren biyu, wato kuɗin gwamnati ba ya shiga asusun mutum, kuma lasisin da aka yi ba tare da mai shi ya taɓa tsayawa an ɗauki hotonsa da yatsunsa ba abin tuhuma ne.

Wani abin da ke ɓata wa mutane kira shi ne haɗa hukumomi wuri guda. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ta jihar Kano ce, ba reshen FRSC ba ce, don haka wanda jami'anta suka rubuta wa tara ba zai sami mafita a layin hukumar tarayya ba.

Idan za ka je, ka fara da cibiyar da aka ɗauki hotonka, sannan ofishin lasisi na hukumar tara kuɗin shiga, ka riƙe takardar wucin gadin, rasit ɗin biyan kuɗi, tsohon lasisin ko kwafinsa, da takardar NIN. In ka yi haka abin bai motsa ba, ka rubuta takardar koke zuwa ga kwamandan FRSC na jiharku, domin kowace jiha da Abuja tana da nata, ka kai kwafi 2, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ka dawo da shi. Bayan wannan akwai sashen SERVICOM, wanda aka ɓullo da shi a 2004 don sauraron koke kan yadda ma'aikatun tarayya ke yi wa jama'a aiki, da kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ke da ofishi a kowace jiha kuma ba ta karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi.