Wata shida ina aiki da vcpkg

Mu huɗu muke rubuta wata ƙaramar manhaja da C++ a GitHub, tana dogara da laburare uku, wato code ɗin da wasu suka riga suka rubuta: libcurl da OpenSSL da SQLite. A kwamfutata lafiya lau take tashi. Ranar da ɗayanmu ya koma Ubuntu 22.04 sai manhajar ta ce atafau sai an ba ta libssl.so.1.1, fayil ɗin tsohuwar OpenSSL, alhali wannan sigar ta Ubuntu da OpenSSL 3 ta zo. Na kan Windows kuwa kukansa kullum "unresolved external symbol", saƙon kuskure wajen haɗa manhajar da laburarenta. Mun kusa mako biyu kowa na rantsuwa a wajensa tana aiki. Gajiya ce ta sa na gwada vcpkg, wani kayan aiki da ke kula da laburaren C da C++.

Microsoft ce ta fito da shi a 2016, kyauta ne, kuma kowa na iya duba cikinsa. Za ka rubuta sunayen laburaren da kake so a vcpkg.json, ka nuna wa CMake, mai tsara ginin manhaja, fayil ɗin toolchain na vcpkg, shi ke nan. vcpkg zai sauko da su ya gina, har da waɗanda su ma suke dogara da su. Abin da ya saye ni shi ne baseline. Wato kana ɗaure aikinka da commit guda, mataki ɗaya a tarihin ma'ajiyarsa, sai ya zama OpenSSL ɗin da ke wajena ita ce a wajen kowa. Tun ranar gardamar ta mutu.

Sai dai yana son haƙuri. Komai daga tushe yake ginawa. Da muka ƙara Boost, wani babban tarin laburaren C++, na bar kwamfuta tana huci na tafi sallar magariba, na dawo na tarar an ɗauke wuta, batir ya mutu. Sa'a ɗaya, duk abin da ya gama yana adana shi, don haka ban koma farko ba. Jakar buildtrees, inda yake yin ginin, tana cin wuri sosai, sai ka riƙa sharewa. Don tsimin data kuma na taɓa sauko da ma'ajiyar ba tare da tarihinta ba, baseline ya ƙi aiki. Wannan kam wautata ce.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya. A Linux, idan ba ka canza ba, cusa laburaren yake cikin manhajar kanta. Daɗinsa, ba ta ƙara neman libssl a kwamfutar kowa. Amma ranar da aka gano ɓaraka a OpenSSL, apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji a Ubuntu, ba zai toshe maka ita ba. Kai za ka ɗaga baseline, ka sake gini, ka sake rabawa. glibc kuma, laburaren C na Linux, tana nan a waje ba a cusa ta, shi ya sa muke gina sigar rabawa a tsohuwar Ubuntu don ta tashi har a wajen masu tsohuwar glibc.

Ƙananan ayyukana da ba sa barin Linux har yanzu apt da pkg-config, mai nemo laburaren da ke kan kwamfuta, nake musu. Wannan mai Windows a ciki dai na bar wa vcpkg, ginin Boost kuma sai na ga janareta a kunne.