Sharhi kan amfani da rejeks wajen tace sakamakon umarni a siwic ɗin Cisco

Na daɗe ina kula da siwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna ta waya, samfurin Catalyst 2960-X mai kafa 48 (ramukan da ake cusa waya) a wurin aikina, kuma abin da ya fi cinye mini lokaci a da shi ne karanta dogon sakamakon da na'urar ke zubowa, inda mutum zai yi ta danna maɓalli a duk lokacin da --More-- ya bayyana, alhali layi ɗaya tak yake nema. Tun da na saba da sa tsayayyen layin nan na | a bayan umarni, in bi shi da kalmar tacewa kamar include ko exclude ko begin ko section, sannan in rubuta rejeks (regex), wato ƙa'idar haruffa da alamomi da ke siffanta layin da ake nema, aikin ya yi mini sauƙi ƙwarai.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne wajen farautar lalatacciyar waya. Idan masu amfani suka yi kukan cewa intanet na tafiyar hawainiya, nakan rubuta:

show interfaces | include line protocol|[1-9][0-9]* CRC

Da wannan, sunan kowace kafa zai fito, amma layin kurakurai ba zai bayyana ba sai a ƙarƙashin kafar da adadin CRC ɗinta, wato saƙonnin da suka iso a lalace, ya wuce sifili, domin ƙa'idar ta ce dole ne a sami lamba daga 1 zuwa 9 kafin kalmar. Abin da a da nake bi shafi bayan shafi, yanzu kallo ɗaya ya wadatar, kuma sau da yawa kan wayar ne ba a matse shi da kyau ba.

Sai dai akwai tarkunan da ya kamata mai koyo ya sani, kuma na faɗa cikin wasunsu. Wata rana ina neman na'urar da ke haɗe da kafa ta 1, wato Gi1/0/1, a teburin adireshin MAC (lambar shaidar kowace na'ura da aka haɗa), sai sakamakon ya haɗo mini da duk abin da ke kan kafa ta 10 zuwa ta 19, saboda dukkansu da waɗannan haruffa suke farawa. Maganin shi ne a rubuta Gi1/0/1_ domin a tsarin IOS, manhajar da ke tafiyar da siwic ɗin, wannan ɗan layi na ƙasa yana wakiltar sarari ko waƙafi ko ƙarshen layi. Haka kuma tacewar tana bambanta manyan haruffa da ƙanana, ga shi Cisco na rubuta adireshin MAC da ƙananan haruffa, rukuni uku da ɗigo a tsakaninsu. Wanda ya kwafo adireshi daga Windows ya liƙa yadda yake ba zai ga komai ba. Wannan shirun ne ya fi damuna, domin na'urar ba ta cewa an yi kuskure, sai mutum ya ɗauka abin da yake nema babu shi.

Babban ƙorafina shi ne IOS ba ya bari a tace sakamako sau biyu a jere. Tsayayyen layi na biyu yana nufin "ko" ne, ba sabuwar tacewa ba, yayin da a manhajar Junos ta na'urorin kamfanin Juniper ana iya jera match da except da count ɗaya bayan ɗaya, haka ma NX-OS, wata manhajar ta Cisco ɗin kansa, tana da umarnin tacewa na grep. Alamar tambaya ma sai an danna Ctrl+V kafin ta shiga, in ba haka ba na'urar za ta buɗe bayanin taimako.

Duk da haka ina ba duk mai aiki da waɗannan na'urori shawarar ya fara da alamomi uku, wato ^ ta farkon layi, $ ta ƙarshensa, da _, kuma ya riƙa gwada kowace ƙa'ida a kan kafar da ya tabbata tana aiki kafin ya amince da sakamakon da ya fito wayam.