Kalandar burauza ko ta flatpickr: wacce za ta magance ɓuya da ragin kwana ɗaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka cire flatpickr, wato kalandar zaɓar rana da aka rubuta da JavaScript, daga manhajarka ka koma ga kalandar da burauza ke zuwa da ita, saboda kalandar flatpickr tana ɓuya a bayan tagar da ke tasowa, kuma ranar da mutum ya zaɓa tana isa rumbun bayanai da ragin kwana ɗaya. Matsalolin nan biyu tushensu ba ɗaya ba ne. Canza kalanda zai kawar da ta farko, amma ta biyu tana iya bin ka duk inda ka koma muddin ba ka gano inda take faruwa ba.

Game da ɓuya, kalandar burauza, wato input mai type="date", ta fi. Burauza ce da kanta take zana ta a wajen shafin, don haka babu wata ƙa'idar CSS da za ta danne ta ko ta yanke mata gefe. Ita kuwa flatpickr wani ɓangare ne na shafin, kuma tun asali tana manna kalandarta a ƙarshen body. Idan da showModal() ka buɗe tagarka ta dialog, burauza tana ɗora tagar a saman komai, ta kuma hana taɓa duk abin da ke wajenta, saboda haka ko lambar z-index nawa ka rubuta, wato lambar da ke tsara abin da zai hau kan wani a shafi, ba za ta fito da kalandar ba. A nan mutane da yawa ke ɓata lokaci suna ta ƙara lamba. Gyaran shi ne a shigar da kalandar cikin tagar ta hanyar static: true ko appendTo, sannan a tabbatar babu overflow: hidden a jikin abin da ya kewaye ta, domin shi ma yana sare rabin kalandar.

Ragin kwana ɗaya shi ne ya fi damuna, domin ba ya nuna kansa a fuskar shafi, sai bayan an tara bayanai marasa inganci ake ankara. A JavaScript, Date ba ya riƙe rana tsurarta, yana riƙe wani takamaiman lokaci ne. Idan mutum ya zaɓi 1 ga Maris, 2024 a flatpickr, abin da ke cikin selectedDates shi ne ƙarfe goma sha biyun daren shigar ranar bisa agogon na'urarsa. Da zarar ka bi da shi ta toISOString() ko JSON.stringify(), za a mayar da shi agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, kuma ga wanda agogonsa ke gaba da UTC da awa ɗaya, sakamakon zai zama 2024-02-29T23:00:00.000Z. Sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta yanke ɓangaren ranar, sai ga 29 ga Fabrairu.

Kalandar burauza tana da rangwame a nan, domin value ɗinta rubutu ne kawai a tsarin shekara, wata, rana, kamar 2024-03-01, ko da yaya aka nuna wa mai amfani ranar. Sai dai tarkon yana nan ta ɗaya gefen. Idan ka saka wannan rubutun cikin new Date(), ana fassara shi a matsayin tsakar daren UTC, kuma wanda agogonsa ke bayan UTC, kamar mazauna Amurka, zai ga ranar da ragin kwana ɗaya a allonsa. Ke nan duk wadda ka zaɓa a cikinsu maganin ɗaya ne: kada ka mayar da ranar haihuwa ko ranar alƙawari zuwa Date kafin aikawa. Ka aika rubutun yadda yake, wanda flatpickr ma tana ba ka shi a dateStr idan ka saita dateFormat zuwa Y-m-d, ka kuma adana shi a gurbi mai nau'in DATE maimakon TIMESTAMP.

Kafin ka taɓa komai, ka buɗe sashen Network na kayan binciken Chrome ka duba abin da aka aika. Idan ranar ta lalace tun a nan, laifin na shafin ne, idan kuma ta fita daidai, ka nemi matsalar a sabar. Sashen Sensors yana ba ka damar sauya yankin agogo, ka gwada gabas da yamma ba tare da ka taɓa saitin kwamfutarka ba.

Inda flatpickr ta yi zarra shi ne iko a kan kalandar. Tana iya rufe wasu ranaku na mako, ta bari a zaɓi zango daga rana zuwa rana, ta kuma ɗauki launi da harshen da ka so. Ta burauza ba ta ba ka sai min da max da step, kuma yadda ranar ke bayyana yana bin saitin harshen mai amfani. Tsoron da ake yi a da na rashin goyon baya ya ragu ƙwarai tun da Safari ta Mac ta karɓe ta a sigar 14.1 cikin 2021, kuma ita flatpickr ɗin a wayoyi sau da yawa tana miƙa aikin ga kalandar wayar, sai idan an kunna disableMobile.

A ganina, idan rana ɗaya kawai fom ɗinka ke nema tsakanin iyakoki biyu, ka koma ga ta burauza, ka rage wa kanka nauyin kulawa. Idan kuwa akwai ranakun da dole a rufe, ka riƙe flatpickr ka shigar da ita cikin tagar. Amma ka fara da gyaran yadda ake aika ranar, sannan ka bincika bayanan da aka riga aka adana, domin waɗanda suka shiga da ragin kwana ba za su gyaru da kansu ba.